Neman Haɗaɗɗun Ƙwayoyin Gado a Tsokar Sankarar Huhu

Sankarar huhu ta fi kowace irin sankara kashe mutane a duniya. Ƙididdigar da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan shekarar 2022 ta nuna an gano ciwon a jikin mutane kusan miliyan 2.5 a wannan shekarar, kimanin miliyan 1.8 kuma suka rasu a dalilinsa. Shekara da shekaru likitoci sun kasa ciwon gida biyu ne bisa ga kamannin da yake nunawa a ƙarƙashin madubin likita: akwai mai ƙananan sel, wanda ke ɗaukar kamar kashi 15 cikin ɗari, sai wanda ba na ƙananan sel ba, wato sauran kashi 85. A wannan babban gida, nau'in da ya fi yawa shi ne adinokasinoma. A yau kamanni kaɗai ba ya isar likita ya rubuta magani. Majinyata biyu na iya zuwa da tsoka iri ɗaya sak a ido, alhali abin da ke ingiza ciwon kowannensu daban ne, maganin da zai yi wa ɗaya aiki kuma ba zai taɓuka wa ɗayan komai ba. Cikin abubuwan da ake nema don a rarrabe su akwai haɗewar ƙwayoyin gado.

A cibiyar kowane sel na jikin mutum akwai DNA a naɗe cikin kuromosom 46, rabi daga uwa rabi daga uba, kowane rabi na ɗauke da haruffa kimanin biliyan 3. Ƙwayar gado wani yanki ce na wannan dogon zare, mai ɗauke da bayanin yadda za a ƙera furotin, kuma mutum na da irin waɗannan kimanin 20,000. Idan sel na buƙatar wani furotin, sai ya kwafe bayanin daga DNA zuwa wani saƙo mai suna RNA, daga saƙon kuma a ƙera furotin ɗin. Ya kamata a riƙe waɗannan matakai uku da kyau, domin kowane gwaji da za a yi bayaninsa a nan ɗaya daga cikinsu yake dubawa, ba ya ganin sauran biyun.

Haɗewa na faruwa ne idan zaren DNA ya tsinke a wuri biyu, sel ya zo gyara sai ya ƙulla bakin da ba nasa ba. Kan wata ƙwayar gado ya manne da wutsiyar wata, a samu sabuwar ƙwaya da ba ta cikin tsarin jiki. Wannan kuskure a cikin sel guda na huhu yake faruwa lokacin da mutum ke raye. Ba daga iyaye aka gaje shi ba, ba ya bin jini zuwa ga 'ya'ya, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Iyalai da yawa na shiga damuwa idan suka ji an ambaci DNA a sakamakon ɗan'uwansu, don haka bayyana musu wannan tun da wuri wani ɓangare ne na aikin likita.

An daɗe da sanin irin wannan kuskure a sankarar jini. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani guntun kuromosom a jinin masu wata sankarar ɓargo mai tafiya sannu a hankali, aka sa masa sunan birnin da suke aiki, Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa musanya ce aka yi tsakanin kuromosom na 9 da na 22. Sai a 2001 aka amince da imatinib, maganin da ke toshe furotin ɗin da wannan musanya ke haifarwa. Shekarar 2007 ce ta shigo da batun cikin huhu. Hiroyuki Mano da abokan aikinsa a jami'ar koyon likitanci ta Jichi a Japan suka ɗauki tsokar wani mutum mai shekara 62, suka kwafe saƙonnin RNA da ke cikinta, suka sanya su cikin sel-sel na ɓera da ake reno a faranti, suka zuba ido su ga wanne zai sa su rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya yi hakan shi ne haɗin ƙwayoyin EML4 da ALK. Da suka duba tsokar majinyata 75, sun same shi a biyar.

Ita ALK ba baƙuwa ba ce, tun 1994 aka gano ta a wata sankarar kaluluwa. Aikinta na asali yana cikin ginin jijiyoyi tun ɗan tayi na ciki, a huhun baligi kuwa shiru take. Furotin ɗinta na da ɓangare a wajen sel mai jiran saƙo, da ɓangare a ciki, wanda masana ke kira kainas, mai ba da umurnin rarrabuwa. EML4 da ALK duk suna kan gajeren hannun kuromosom na 2, suna fuskantar ɓangarori daban-daban. Idan yankin da ke tsakaninsu ya tsinke ya juya, sai kan EML4 ya maye gurbin ɓangaren ALK mai jiran saƙo. Abu biyu ke biyo baya. Tunda EML4 tana aiki a huhu, yanzu ana ƙera furotin ɗin a inda a da ba a ƙera shi. Kuma tunda guntayen EML4 na manne wa juna, sai su jawo kainas biyu wuri ɗaya, wanda shi ne abin da ke tayar da su. ALK kamar mai shelar gari ne da ba ya buɗe baki sai fada ta aike shi. Haɗewa ta raba shi da fada, ta bar shi yana yawo dare da rana da shela guda, cewa a rarrabu kuma kada a mutu. Ciwon gaba ɗaya ya dogara da wannan shela, shi ya sa idan aka rufe bakin mai yin ta ƙarin ke motsewa.

An yi dace, domin lokacin da rahoton Japan ya fito kamfanin Pfizer ya riga ya fara gwada wani magani mai suna crizotinib a kan mutane. Don wata ƙwayar gado daban mai suna MET aka ƙera shi, amma yana toshe ALK. Masu bincike suka tace tsokar majinyata kimanin 1,500, suka ba 82 masu haɗewar ALK maganin, a 2010 kuma suka bayyana cewa ƙarin ya ragu sosai a kashi 57 cikin ɗari. A watan Agusta na 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin tare da gwajin da za a riƙa gano masu buƙatarsa. Abin da ya ɗauki shekara 41 a sankarar ɓargo, a nan shekara huɗu ya ɗauka. Magungunan da suka biyo baya sun fi shi ƙarfi, sun kuma fi shi ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, inda wannan ciwo ke yawan zuwa. A binciken ALEX, rabin masu shan alectinib sun haura wata 34 ciwon bai ci gaba ba, masu shan crizotinib kuwa kimanin wata 11. A binciken CROWN, rahoton 2024 ya nuna kashi 60 cikin ɗari na masu shan lorlatinib sun cika shekara biyar ciwon bai motsa ba, a ɓangaren crizotinib kuwa kashi 8. Ga ciwon da a da ake lissafa ragowar rayuwar mai shi da watanni idan ya bazu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ana samun haɗewar ALK a kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na sankarar huhu wadda ba ta ƙananan sel ba. Akwai wasu ƙwayoyin gado da su ma ke haɗewa: ROS1 da ke kan kuromosom na 6 da RET da ke kan na 10 kowacce na ɗaukar kashi 1 zuwa 2. NTRK, wadda gida uku ce, da NRG1, kowacce ba ta kai kashi ɗaya ba. Dukansu yanzu akwai maganin da aka amince da shi a Amurka: crizotinib don ROS1 a 2016, larotrectinib don NTRK a 2018, selpercatinib da pralsetinib don RET a 2020, zenocutuzumab don NRG1 a ƙarshen 2024. Alƙaluman ƙanana ne a ido, amma idan aka auna su da miliyoyin masu ciwon, dubun-dubatar mutane ne duk shekara. Ƙanƙantar tasu kuma ita ce ta sa aikin ɗakin gwaje-gwaje ya yi wuya: dole a gwada mutum ɗari don a samu 'yan kaɗan, ba tare da an tsallake su ba, ba tare da an laƙaba wa sauran abin da ba su da shi ba.

Masu haɗewa galibi sun fi sauran majinyata ƙarancin shekaru, da yawansu kuma ba su taɓa shan taba ba ko kaɗan suka sha. Wannan ya sa da farko wasu likitoci suka riƙa zaɓen waɗanda za a gwada ta hanyar duba shekaru da tarihin shan taba. Kuskure ne, kuma abin lura shi ne mutumin da aka fara gano EML4 da ALK a tsokarsa mashayin taba ne. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin nazarin tsoka da na sankarar huhu suka fitar tare a 2013, suka sabunta a 2018, sun ce a gwada duk mai adinokasinoma da ta yi nisa, ba tare da la'akari da shekaru ko jinsi ko taba ba. Tun da aka amince a 2024 a riƙa ba da alectinib bayan tiyata, har wanda aka cire wa ƙarin tun bai bazu ba ya shiga sahun waɗanda ake gwadawa.

Kafin a kai ga kowace na'ura, sai tsoka ta bi wata doguwar hanya, kuma a wannan hanya ce aka fi yin asara. Yawancin masu sankarar huhu suna zuwa asibiti ne bayan ciwon ya wuce a yi tiyata, saboda haka abin da ake samu ɗan gutsure ne. Ana ɗibarsa ta siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta maƙogwaro, ko ta allura da ake sokawa ta ƙirji ana bin hoton CT, ko daga kaluluwar wuya, ko daga ruwan da ya taru a ƙirji. Abin da allura ke fitowa da shi faɗinsa kamar milimita ɗaya ne, tsawonsa santimita ɗaya ko biyu. Daga lokacin da ya rabu da jiki RNA ke fara lalacewa, don haka nan take ake jefa shi cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari wanda aka daidaita tsaminsa. Ana so ya zauna a ciki aƙalla sa'a 6, kada kuma ya wuce kwana biyu zuwa uku. Idan bai jiƙu ba, rini ba zai kama daidai ba. Idan ya daɗe, fomalin na ɗaɗɗaure DNA da RNA yana kakkarya su. Fomalin da ba a daidaita ba kuwa yana yin tsami idan ya daɗe a ajiye, ya cinye abin da ake nema. Gutsuren da aka ɗebo daga ƙashi na da tasa matsalar, domin sai an tausasa shi kafin a iya yankawa, kuma asid mai ƙarfi da aka saba amfani da shi yana ruguza DNA da RNA. Sinadarin EDTA ya fi jinkiri amma yana barin su da rai.

Bayan fomalin sai a tsotse ruwan tsokar, a binne ta cikin kaki, a samu ɗan dunƙule mai tauri. Daga shi ake yanko falle-falle masu kaurin kashi 4 ko 5 cikin dubu na milimita, a shimfiɗa a kan gilashi. Likitan nazarin tsoka zai fara tabbatar da cewa sankara ce, sannan ya faɗi nau'inta. Idan kamanni bai bayyana ba, rini biyu sun isa a mafi yawan lokuta: TTF-1 da ke nuna adinokasinoma, da p40 da ke nuna ɗaya babban nau'in. A nan ake gane gwanin likita. Wanda ya yi rini goma don ya gamsu da sunan ciwon zai iya cinye tsokar kafin a zo gwajin da zai zaɓa wa majinyaci magani. Duk lokacin da aka mayar da dunƙulen kan injin yanka sai an fara aske fuskarsa don ta daidaita, wani abu kuma ya tafi ke nan. Shi ya sa ɗakunan gwaji masu tsari ke yanke dukan fallayen da za a buƙata a zama ɗaya. Likitan zai kuma ƙiyasta kashi nawa na sel-sel ɗin da ke kan gilashin ne na sankara, ya zagaye wurin da suka fi yawa da alƙalami don a kankare shi kaɗai. Gutsuren da yawancinsa ƙwayoyin kumburi ne ko mataccen nama zai iya ba da sakamakon da ke cewa babu komai alhali akwai.

Gwajin da aka fara amincewa da shi ana kiransa FISH, kuma DNA yake dubawa a inda take zaune cikin cibiyar sel. Ana amfani da guntayen DNA biyu masu ƙyalli, ja da kore, ɗaya ya manne a gefe ɗaya na wurin da ALK ke tsinkewa, ɗayan a ɗaya gefen. A lafiyayyen sel ɗigon biyu na manne da juna, har su yi kamar rawaya. Idan ƙwayar gadon ta tsinke, sai a ga ja da kore sun rabu da tazarar da ta kai faɗin ɗigo biyu, ko a ga jan shi kaɗai koren ya ɓace. Ma'aikaci na zaune a ɗaki mai duhu yana ƙirga cibiyoyi 50. Idan ƙasa da biyar ne suka nuna rabuwa, babu haɗewa. Idan sun haura 25, akwai. Idan adadin ya faɗa tsakani, sai wani mutum daban ya ƙirga wasu 50, a haɗa, idan sun kai kashi 15 cikin ɗari a ce akwai. Wannan iyaka ta 15 ba tana nufin kashi 15 na ƙarin ne kawai ke ɗauke da kuskuren ba. An sa ta ne domin wuƙar yanka na raba cibiyoyi, wasu kuma na hawa kan wasu, har lafiyayyar tsoka kan nuna rabuwar ƙarya nan da can. A haɗin EML4 da ALK abin ya fi wuya, domin haruffa miliyan 12 zuwa 13 ne kacal tsakaninsu a kan kuromosom guda, rabuwar ɗigon ba ta da faɗi. FISH na da tsada, yana buƙatar madubi na musamman, ƙyallin na dusashewa, kowace ƙwayar gado kuma sai an ba ta gilashinta. Babban gibinsa shi ne yana nuna an tsinke ne kawai, ba ya faɗin da wa aka ƙulla, ba ya kuma faɗin ko ana ƙera furotin.

Gwajin rini, wanda ake taƙaita sunansa da IHC, furotin ɗin kansa yake nema. Ana zuba wa fallen tsoka wani sinadarin garkuwa da aka ƙera don ya kama ALK kaɗai, inda ya kama kuma wurin ya rine ruwan ƙasa. Hikimar a nan ita ce lafiyayyen huhu ba ya ƙera ALK, saboda haka duk sel na sankara da ya rine da ƙarfi ya tona asirin kansa. Da farko gwajin ya ba da kunya, domin sinadarin da ake da shi don sankarar kaluluwa aka yi shi, inda furotin ɗin ke da yawa, a huhu kuwa kaɗan ne. Sai da aka samar da sinadaran garkuwa 5A4 da D5F3 tare da hanyoyin ƙara ƙarfin launi sannan abin ya daidaita. Amurka ta amince da gwajin D5F3 na Ventana a 2015, ƙa'idojin 2018 kuma suka ce ana iya fara magani da sakamakonsa ba sai an jira FISH ba. Ana gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu, da madubin likita na yau da kullum ake karanta shi, sel kaɗan ma sun isa. A gefen gilashin akan ɗora ɗan fallen tsokar afendiks, domin ƙwayoyin jijiyar da ke bangonta na ɗauke da ALK kaɗan. Idan su ba su rine ba, rinin ne bai yi ba, ba majinyacin ne ba shi da haɗewa ba.

Wannan nasara ba ta bi sauran ƙwayoyin gadon ba. Rinin ROS1 ba ya cika tsallake mai haɗewa, amma yana kama wasu sel-sel na huhu da ba su da laifi, har da wasu ƙari marasa haɗewa. Don haka gwajin tacewa ne kawai: wanda bai rine ba a sallame shi, wanda ya rine a tabbatar ta wata hanya. Haka rinin NTRK yake, ga shi kuma yana da rauni wajen gano NTRK3. Na RET kuwa ba a dogara da shi.

Hanya ta uku RNA take bi. Gwajin RT-PCR na neman daidai mahaɗar da kan wata ƙwaya ya gamu da wutsiyar wata, ya ninka ta har na'ura ta gani. Yana da sauri da kaifi, amma abin da aka koya masa kawai yake ganewa. Haɗin EML4 da ALK kaɗai ya haura iri goma gwargwadon inda EML4 ta tsinke, ban da sauran abokan haɗi irin su KIF5B, kuma ana ci gaba da gano sababbi. Don toshe wannan gibi aka ƙirƙiro wata dabara ta auna kai da wutsiyar saƙon ALK daban-daban. Idan wutsiya ta fi kai yawa nesa ba kusa ba, alama ce an ɗora ta a kan wani kan daban, ko da ba a san ko wane ne ba. Akwai na'urori irin su Idylla da ke haɗa dabarun biyu cikin kwanso guda a rufe, a saka fallen tsoka a samu sakamako cikin kimanin sa'a uku. Duk ma'aikacin lafiyar da ya saba da GeneXpert na gwajin tarin fuka a Najeriya ko Nijar zai gane tsarin da kallo ɗaya.

A manyan cibiyoyi yanzu an fi karkata ga NGS, wato karanta jerin haruffan ƙwayoyin gado masu yawa a lokaci guda. Amfaninsa a fili yake: maimakon a bi ALK da ROS1 da RET da EGFR da KRAS ɗaya bayan ɗaya har tsoka ta ƙare, sai a tambaye su duka daga samfuri ɗaya. Amma NGS iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi muhimmanci a batun haɗewa fiye da ko'ina. Ƙwayar gado ba a jere bayaninta yake ba. Tsakanin yankunan da ke ɗauke da ma'ana, waɗanda ake kira ekson, akwai dogayen yankuna da ake kira intiron, waɗanda sel ke yankewa ya zubar lokacin da yake shirya RNA. Tsinkewa kusan kullum a cikin intiron take faruwa. Mai karanta DNA dole ya bi intiron ɗin kaf don ya ci karo da mahaɗar. A ALK wannan mai sauƙi ne, domin kusan kullum a intiron na 19 take tsinkewa, shi kuma gajere ne. A NTRK2 da NTRK3 da NRG1 intiron ɗin na da tsawon gaske, wasu na ROS1 kuma cike suke da jerin haruffa masu maimaita kansu da ake samu a wurare da yawa cikin DNA, har kwamfuta ta rasa inda za ta ajiye abin da ta karanta. A RNA kuwa an riga an zubar da intiron, kan wannan ƙwaya na manne kai tsaye da wutsiyar waccan. A 2014 masu bincike a babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka bayyana wata hanya da ke kama sananniyar wutsiyar, ta karanta baya har ta gano abokin haɗin ko da ba a taɓa jin sunansa ba.

Girman gibin ya fito fili a wani rahoto na 2019 daga cibiyar sankara ta Memorial Sloan Kettering a New York. Sun ɗauki tsokar majinyata 254 da babban gwajinsu na DNA bai gano abin da ke ingiza ciwonsu ba, suka sake dubawa ta RNA. A 36 daga ciki, wato kashi 14 cikin ɗari, an samu abin da aka tsallake, kuma 33 akwai maganin da za a iya gwada musu. Wannan a ɗaya daga cikin ɗakunan gwaji mafi ƙwarewa a duniya ke nan. Sai dai RNA ma na da rauninta, domin ta fi DNA saurin lalacewa. Shi ya sa kowane gwaji nagari ke auna saƙonnin wasu ƙwayoyin gado da kowane sel ke ƙerawa kullum. Idan su ma ba a gan su ba, samfurin ne ya mutu.

Gwajin jini, wanda ke neman ɓurɓushin DNA da ƙari ke zubarwa, yana taimakawa idan tsoka ta ƙare ko majinyaci ba zai jure a sake ɗiba ba. Idan ya gano haɗewa ana iya fara magani. Idan bai gano ba, ba hujja ba ce, domin wasu ƙari ba sa zubar da DNA mai yawa, ga kuma matsalar intiron tana nan.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa karanta takardar sakamako ke buƙatar natsuwa. Amsa uku ce ke iya fitowa: an samu, ba a samu ba, ko gwajin bai yiwu ba. Haɗa ta biyu da ta uku babban ganganci ne, domin yana iya hana mutum maganin da zai ba shi shekaru. Ko "ba a samu ba" ɗin ma sai an tambayi ta wace hanya aka nema, waɗanne ƙwayoyin gado aka duba, kashi nawa na samfurin ne sankara. Akwai wata ƙa'ida mai taimakawa: ƙari guda ba ya cika ɗaukar abin ingizawa biyu. Idan an samu canji a EGFR ko KRAS, rashin haɗewa abin yarda ne. Idan kuwa ba a samu komai ba, musamman ga wanda bai taɓa shan taba ba, aikin bai ƙare ba sai an duba RNA. Wani lokaci hanyoyi biyu kan saɓa wa juna, rini ya ce akwai FISH ya ce babu. An ga da yawa daga irin waɗannan majinyata suna samun sauƙi da magani, don haka hanya ta uku ake nema ta raba gardama. Haka nan idan DNA ta nuna tsinkewa da wani baƙon abokin haɗi, sai an tabbatar ana ƙera saƙon, kuma ɓangaren kainas ya tsira cikakke, kafin a kira abin haɗewa mai aiki.

Lokaci ma na cikin lissafi. Ƙa'idojin 2013 sun ce sakamako ya fito cikin kwanakin aiki goma daga ranar da samfuri ya isa ɗakin gwaji, asibitoci da yawa kuma sun ba likitan nazarin tsoka izinin tura gwajin da kansa da zarar ya ga adinokasinoma, ba sai an jira likitan sankara ya nema ba. Jiran na da dalili. Magungunan zaburar da garkuwar jiki, waɗanda suka taimaki masu sankarar huhu da yawa, ba sa yin aikin kirki a kan masu haɗewar ALK, an kuma lura cewa illa ga hanta ta fi yawa idan crizotinib ya biyo bayansu. Idan jikin majinyaci ba zai iya jira ba, likitoci kan fara da kemo kaɗai har sakamako ya iso. Bayan watanni ko shekaru ana shan magani ciwon kan koyi kauce masa, sau da yawa ta hanyar sabon canji a cikin kainas ɗin, kamar wanda ake kira G1202R, wanda lorlatinib ke iya shawo kansa. A wannan mataki rini da FISH ba su da abin faɗa, domin haɗewar tana nan yadda take. Sai an sake ɗibar tsoka ko jini an karanta haruffan.

Yawancin alƙaluman da ke sama daga majinyatan Asiya da Turai da Amurka aka tattara su. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, Najeriya na cikinsu, cikas na farko yana zuwa tun kafin a yi zancen DNA. Tari mai daɗewa, jini a majina, rama da inuwa a hoton ƙirji duk alamomi ne da ciwukan biyu suka yi tarayya a kai, mai sankara kuma kan iya shafe watanni yana shan maganin tarin fuka kafin a ɗebi tsokarsa. Matashin da bai taɓa shan taba ba, wanda shi ne ya fi dacewa da siffar mai haɗewar ALK, shi ne kuma wanda ba a cika zargin sankara a jikinsa ba. Wanda gwajin majinarsa bai nuna ƙwayar tarin fuka ba, kuma magani bai sa ya samu sauƙi ba, yana buƙatar a ɗebi tsoka ba tare da ɓata lokaci ba. Asibitin da ba shi da injin NGS ba a rufe masa ƙofa ba, domin dunƙulen kaki ba ya buƙatar firji, ana iya aika shi wani gari ko wata ƙasa a cikin ɗan akwati, muddin an kare shi daga zafin da zai narkar da kakin. Abin da ɗakin gwajin da zai karɓa ke buƙata daga wanda ya aiko shi ne fomalin da aka daidaita, rubutaccen lokacin da tsokar ta shiga da lokacin da ta fita, bayanin ko an tausasa ta da asid, da dunƙulen da ba a riga an yanke shi ya ƙare ba.